Sanin Hali Ya Fi Sanin Kama: Labarin Kifin Teku Mai Shiga Kogi

 Yawancinmu mutanen tudu ne. Ruwan da muka sani shi ne rafi da tafki da kogi, kuma abin da iyaye suka tsoratar da mu da shi tun muna yara bai wuce kada da dorina da ambaliyar damina ba. Kifin nan kuwa da ake kira shak, mai haƙora jere-jere kamar zarto, sai dai mu gan shi a talabijin ko a littafin makaranta, har muka ɗauka cewa shi da tsakiyar teku mutu-ka-raba ne. To, ashe ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai wani irinsa da yakan bar teku ya kama hanyar kogi, ya yi ta nausawa har ya iso inda mata ke wanki, yara ke wanka, masunta ke jefa taru.

A shekarar 1937 wasu masunta biyu a garin Alton, a jihar Ilinoyi ta Amurka, suka lura cewa wani abu yana lalata masu tarkon kifi a kogin Misisipi. Suka ɗana tarko mai ƙarfi. Da suka jawo shi sai ga shak mai tsawon kimanin mita ɗaya da rabi, alhali tsakanin garin da teku akwai fiye da kilomita 1,000. Wannan ma kaɗan ne. An taɓa samun irinsa a kogin Amazon kusa da birnin Ikitos na ƙasar Peru, fiye da kilomita 3,000 daga teku, wato kamar mutum ya yi tafiyar Ikko zuwa Kano har sau uku. Labarin wannan kifi muka kawo maku yau: yadda yake, abin da ke kai shi kogi, da abin da kan faru in hanyarsa ta haɗu da ta ɗan Adam.

Sunansa da kamanninsa

Masana sun ba shi sunan kimiyya Carcharhinus leucas tun a shekarar 1839. Masu jin Ingilishi sun laƙaba masa sunan bijimi, saboda kaurin jikinsa, da gajeren hancinsa mai faɗi, da kuma yadda yakan bangaji abu da ka kafin ya cije shi. Mu ma a nan bijimin shak za mu kira shi. A kudancin Afirka da sunan kogin Zambezi aka san shi, domin can ma yakan shiga.

Bayansa toka-toka ne, cikinsa fari, idanunsa ƙanana. Ta-macen ta fi namijin girma. Matsakaiciyarta takan kai mita biyu da ɗan kai, nauyinta kilo 130, wato ya ɗara buhun masara. A shekarar 2009 masu bincike sun kama wata a kogin Biride na Afirka ta Kudu mai tsawon kimanin mita huɗu, suka maƙala mata alama suka sake ta. Babu ƙashi ko ɗaya a jikin shak, guringuntsi ne duka. Haƙoransa kuwa layi-layi suke, in na gaba ya faɗi na baya ya maye gurbinsa, haka har ƙarshen rayuwarsa.

Kada mu ce danginsa baƙi ne gare mu ɗungum. Kunamar ruwa, wadda masuntan Binuwai da Kwara suka sani, mai faɗi kamar faifai da ƙaya a wutsiya, ita ma guringuntsi ne jikinta, kuma a lissafin masana gida ɗaya suka fito da shak.

Ruwa mai ɗumi marar zurfi bijimin shak ya fi so, galibi wanda bai wuce mita 30 ba. Saboda haka ana samunsa a gaɓar ƙasashe masu zafi a kusan duk faɗin duniya: Amurka ta Tsakiya, da Birazil, da Indiya, da Ostireliya, da gabashi da kudancin Afirka, har da gaɓar Afirka ta Yamma.

Yadda yake jure ruwan daɗi

Mai karatu zai iya tambaya, to mene ne abin mamaki don kifi ya tashi daga wannan ruwa ya shiga wancan? Ai ruwa ruwa ne. Amsar tana cikin madafar kowace uwargida. In aka barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa, sai ruwanta ya tsatso waje. In kuwa aka jiƙa wake, sai ya sha ruwa ya kumbura. Wato ruwa kullum yana bin inda gishiri ya fi yawa. Jinin shak cike yake da gishiri da wani sinadari mai suna yuriya, irin wanda manomanmu suka sani a takin zamani, kuma wannan ne ke sa ruwan teku bai tsotse shi ba. Amma in aka ɗauki yawancin irin shak aka saka su a kogi, ruwa zai yi ta kwarara cikin jikinsu, gishirinsu ya tsere, ba da daɗewa ba su mutu.

Bijimin shak ya sha bamban. Da zarar ya shiga ruwan daɗi sai jikinsa ya rage yuriyar da ke cikin jini. Wata 'yar gaɓa da ke kusa da ƙarshen hanjinsa, wadda aikinta fitar da gishiri in yana teku, sai ta sassauta aiki don kada a yi asara. Ƙodarsa kuma ta shiga fitar da fitsari mai yawan gaske wanda kusan ruwa ne zalla. In ya koma teku sai komai ya juya yadda yake a da.

Har yaushe zai iya zama haka? Wani filin wasan golf da ke Karburuk, kusa da birnin Birisben a Ostireliya, ya ba da amsa. Ambaliyar da aka yi a shekarun 1990, ta ƙarshe a 1996, ta kwaso ƙananan shak guda shida daga kogi ta zuba su a tafkin filin. Da ruwa ya janye sai hanya ta toshe. Nan suka zauna suka girma, masu wasa na ganin fiffikensu yana yanka ruwa, har shekara 17, sai da wata ambaliyar ta sake haɗa tafkin da kogi a 2013.

Sirrin tafkin Nikaragua

A ƙasar Nikaragua, a Amurka ta Tsakiya, akwai wani babban tafkin ruwan daɗi wanda aka daɗe da sanin akwai shak a ciki. Shekaru da yawa masana suna ganin wani iri ne na dabam wanda ya maƙale a can tun zamanin da, har suka raɗa masa suna nasa na kansa. Hujjarsu ita ce kogin San Huwan, wanda ya haɗa tafkin da tekun Karebiyan, tsawonsa ya kusa kilomita 200, ga shi da gangare mai duwatsu inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Wane kifin teku ne zai haura wannan?

Wani malamin Jami'ar Nebaraska mai suna Thomas Thorson bai gamsu ba. Daga shekarun 1960 ya shiga kama su yana maƙala masu lamba yana saki. Sai ga waɗanda aka yi wa lamba a bakin teku an kama su a tafki, waɗanda aka yi wa a tafki kuma an kama su a teku, wasu ma cikin ƙasa da mako biyu. Ta tabbata ke nan bijimin shak ne, kuma kai da komowa yake yi. Sai dai labarin bai ƙare da daɗi ba. Kamun kasuwanci da aka yi masu babu ƙaƙƙautawa a shekarun 1970 ya rage su ƙwarai, har ganinsu a tafkin ya zama sai an dace.

Me ke kai shi bakin kogi?

Babban dalili shi ne haihuwa. Bijimin shak ba ya saka ƙwai. Uwar takan ɗauki ciki wata 10 zuwa 11, ta haifi 'ya'ya rayayyu, daga ɗaya har zuwa 13, kowanne kimanin santimita 70, da haƙoransa a shirye. Ba ta reno. Taimakon da take yi masu guda ɗaya ne, wato zaɓen wurin haihuwa. Takan nufi mahaɗar kogi da teku, inda ruwa ke da laka da ƙarancin gishiri, inda manyan kifayen teku da za su cinye jariran ba su iya zama. Nan ƙananan za su yi shekarunsu na farko kafin su fita teku. Sukan kuma haura shekara goma kafin su kai munzalin haihuwa.

Dalili na biyu abinci ne, kuma shi ba ya zaɓe. Yana cin kifi iri-iri, da kunamar teku, da kunkuru, da tsuntsayen ruwa, da mushe, da ƙananan shak, har da na irinsa. Bakin kogi kuwa kasuwa ce, duk abin da ruwa ya kwaso daga tudu nan yake zubewa.

A cikin ruwa mai laka ido ba ya amfani sosai, don haka da wasu hanyoyi yake farauta. Yana jin ƙanshi daga nesa. Yana da wani layi a gefen jikinsa mai jin motsin ruwa. A kan hancinsa kuma akwai ƙananan ramuka masu jin ɗan lantarkin da ke fita daga jikin duk wani mai rai. Mun san minjirya da ke girgiza hannun masunci da lantarkinta. To, shi shak jin lantarkin yake yi, ko da bai kai a ce komai ba. In ya ji motsi bai tabbatar da ko mene ne ba, ba shi da hannun taɓawa, sai ya bangaza, sannan ya gwada da baki. Abin takaici, gwajin kifi mai kilo 130 ya isa ya tsinke babbar jijiyar cinyar mutum.

A nan matsalar take. Wurin da ya zaɓa don haihuwa da kiwo shi ne wurin da ɗan Adam ya zaɓa don kafa birni da tashar jiragen ruwa da wurin shaƙatawa. Shi ya sa masu tattara lissafin cizon shak na duniya, a gidan adana kayan tarihin halitta na Fulorida, suka sa shi cikin iri uku da suka fi cizon mutane, tare da babban farin shak da shak mai zanen damisa.

Inda suka haɗu da mutane

A ranar 12 ga Yuli, 1916, wasu yara suna wanka a wani ɗan rafi da ke ratsa garin Matawan a jihar Niyu Jasi ta Amurka, nesa da buɗaɗɗen teku. Wani dattijo, tsohon matuƙin jirgin ruwa, ya riga ya yi kashedi cewa ya ga shak a rafin, mutanen gari suka ɗauke shi mai zolaya. Kifin ya ja wani yaro ɗan shekara 11 ƙarƙashin ruwa. Wani saurayi ɗan shekara 24 da ya shiga neman yaron shi ma aka cije shi a cinya, jini ya ƙare masa ya rasu a ranar. Cikin kwana 12 na farkon wannan wata mutum huɗu aka kashe a gaɓar jihar, ɗaya ya tsira da rauni. Bayan kwana biyu an kama wani farin shak a kusa, aka ɗora masa laifin. Amma masana da yawa na ganin wanda ya shiga rafin bijimin shak ne, don shi ne mai wannan ɗabi'a.

Labarin da ya fi koyar da darasi shi ne na birnin Resife a arewa maso gabashin Birazil. Kafin 1992 mutanen birnin na wanka a gaɓarsu hankali kwance. Daga wannan shekara zuwa yau an ciji fiye da mutum 60, fiye da 20 sun rasa rayukansu. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Da malaman jami'ar birnin suka bincika, sai suka nuna yatsa ga babbar tashar jiragen ruwa ta Suwafe da aka gina kimanin kilomita 40 kudu da birnin. Wajen gina ta an cike fadamun bakin teku, an datse bakin koguna inda matan shak suka saba haihuwa. Da suka rasa wurinsu sai suka matsa arewa zuwa bakin kogin Jabowatawo, wanda ke zubewa dab da wuraren wankan jama'a. Daɗin daɗawa, a lokacin akwai mayanka da ke zubar da jini da tarkacen dabbobi a cikin kogin, ga kuma manyan jirage da kifaye ke bi saboda sharar da ake watsarwa. Wato mutum ne ya rushe masu ɗaki, ya kuma ajiye masu akushi a ƙofar gidansa. Yau alluna ne jere a gaɓar birnin suna gargaɗin kada a shiga ruwa.

A tsibirin Riyuniyon, mallakar Faransa a tekun Indiya gabas da Madagaska, mutum 11 suka mutu tsakanin 2011 da 2019, yawancinsu matasa masu wasan hawan igiyar ruwa a kan allo. A 2013 hukuma ta hana wanka da wannan wasa a mafi yawan gaɓar tsibirin. Masu otal da masu koyar da wasan suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, gardama kuma ta ɓarke tsakanin masu cewa a kashe kifayen da masu cewa a kiyaye su. Ko a 2023 wata yarinya 'yar shekara 16 ta rasu a kogin Suwan da ke tsakiyar birnin Fas na Ostireliya, bayan ta yi tsalle cikin ruwa. Duk wanda ya haifa ya san babu lissafin da zai share hawayen iyayen waɗannan yara.

Wa ya fi cutar wani?

Duk da haka gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. A shekarar 2023, a duk duniya, mutum 69 shak kowane iri ya ciza ba tare da an tsokane shi ba, 10 suka mutu. A 2024 mutum 47 ne, huɗu suka mutu. Mu gwada wannan da lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce kimanin mutum 300,000 ke mutuwa ta hanyar nutsewa a ruwa kowace shekara, saran maciji kuma na kashe fiye da 80,000. Da naman mutum abincin bijimin shak ne, da babu mai iya sa ƙafa a kogin Birisben ko mashigin Sidni, inda suke zaune tare da miliyoyin jama'a.

In aka juya lissafin kuwa, wani bincike da aka buga a 2013 ya ƙiyasta cewa mutane na kashe shak kimanin miliyan 100 a shekara, don nama, da fata, da man hanta, musamman kuma fiffike, wanda ake miya mai tsada da shi a gabashin Asiya. Bijimin shak na cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin yana zaune kusa da gaɓa inda taru ya fi yawa, ga jinkirin balaga, ga ƙarancin 'ya'ya. A 2021 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sa shi cikin jerin masu rauni. A 2022 kuma, a taron da aka yi a Panama, ƙasashen duniya suka amince a sa ido kan cinikin danginsa tsakanin ƙasa da ƙasa.

Wani zai ce, to in ya ƙare ina ruwanmu, ai an huta. Masunci ya fi kowa sanin amsa. Babban mafarauci shi ke tsince marasa lafiya da mushe, shi ke hana wani iri ya yi yawa har ya cinye sauran. In aka cire shi, tsarin ruwan duka yakan jirkice, kuma mai taru ne zai fara gani a cikin kwale-kwalensa.

Ƙasashe sun gwada dabaru iri-iri. Birnin Daban na Afirka ta Kudu ya fara shimfiɗa raga a gaban wuraren wanka tun 1952. Cizo ya ragu ƙwarai, amma ragar na kashe kunkuru da sauran halittun da ba su san hawa ba balle sauka. A Ostireliya ana maƙala wa kifayen na'ura mai sanar da masu gadin gaɓa in sun matso, ana kuma leƙen ruwa da ƙananan jirage marasa matuƙi. A ƙasar Fiji kuwa, tun 2004 wasu ƙauyuka suka yarda su daina su a wani yanki, baƙi na biyan kuɗi su nutse su kalli bijimin shak ido da ido, ƙauyukan na karɓar rabonsu. Kifin da ake gudu a wani wuri, ga shi yana ciyar da gidaje a wani.

Abin kiyayewa

A cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda aiki ko karatu ko fatauci kan kai su garuruwan bakin teku, akwai kuma masu 'ya'ya a can. Rigakafi ya fi magani, ga kuma abin da masana suka haɗu a kai.

Kada a shiga ruwa a mahaɗar kogi da teku, musamman bayan ruwan sama mai yawa, lokacin da ruwa ya yi jawur da laka ya kwaso mushe. A guji wanka da asuba, da almuru, da dare. A nisanci inda masunta ke gyaran kifi suna zubar da kayan ciki, da inda magudanar mayanka ko ta gari ke shiga ruwa. In an ga ƙananan kifaye na tsalle a firgice, ko tsuntsaye na ta faɗawa wuri ɗaya, a fito. Kada mutum ya yi iyo shi kaɗai ko ya yi nisa da gaɓa. A tambayi 'yan gari, a kuma bi allon gargaɗi, kada a maimaita kuskuren mutanen Matawan da suka yi wa dattijo dariya. In kuwa tsautsayi ya auku, abu na farko bayan an fito da mutum shi ne tsayar da jini: a danne raunin da ƙarfi, a ɗaure hannu ko ƙafar tamau daga sama da wurin, a garzaya asibiti, domin zubar jini ne ke kashe mafi yawan waɗanda aka ciza.

Mu da ke tudu ma akwai namu rabon a cikin labarin Resife. Abin da aka zuba a kogi ba ɓacewa yake yi ba, gaba yake yi ya sami wani. Kunamar ruwa, 'yar'uwar shak da ke kogunanmu, ita ma yanzu tana cikin jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu. Dattawan masunta na Binuwai za su iya gaya mana yadda take da yawa a da. Yana da kyau yaranmu su je su tambaye su tun suna nan.

Allah ya kiyaye mu da namu, a tudu da cikin ruwa.